Ƙanen Eleodoro

Ni ne mai almakashi.
A wani ɗaki marar taga a Valparaíso
Fresia ta zube mini sa'a arba'in da ɗaya na tsibirin Chiloé,
ta ce in tace mata gaskiya ta minti saba'in.

Ga tsoho Eleodoro a bakin gaɓa,
hular ulu, hannu kamar saiwar itace,
yana ɗaure kwale-kwale.
Sau bakwai ya ɗaure shi.
Na farko igiya ta zame, ya ƙunduma ashar.
Na uku waya ta yi ƙara a aljihunsa.
Na shida ya yi dariya har haƙorin roba ya leƙo.
Na bakwai ya gaji, ya sunkuyar da kai.
Shi na ɗauka.
Masu kallo za su kira gajiyar nan baƙin ciki.

An ce gani ya kori ji.
Wanda ya faɗa bai taɓa zama a kujerata ba.
Ruwan saman da ke dukan rufin gidansa
shinkafa ce na watsa a kan faranti.
Kukan tsuntsun teku aro ne daga wata gaɓa.
Na goge eriyar talabijin,
na cire jikarsa mai aikin banki a Castro,
don talauci ya zauna daram a cikin hoto.

Sai wurin da yake ba da labarin ƙanensa Nivaldo,
wanda teku ta haɗiye a wani daren sanyi,
fitila na lilo a hannu,
ko takalmi ba a tsinta ba.
Hawaye guda ya gangaro, ya maƙale a gemu.
Fresia ta ce: kar ka taɓa nan,
nan kaɗai ne ba mu shirya ba.
Ban taɓa ba.

Ran Talata ina tonon ragowar da za a zubar.
An manta kyamara a kunne,
tana kallon ƙafar tebur da wutsiyar kyanwa.
Sai muryar matarsa Ermelinda daga madafa:
"Wane Nivaldo kuma?
Kai kaɗai uwarka ta haifa."
Shi kuwa yana hura shayi:
"Yarinyar nan bashi ta ci ta zo.
In bar ta ta koma da kifi da dankali kawai?
Baƙo ba ya barin gidana hannu rabbana."

Na mayar baya. Na sake ji.
Mun haƙa raminmu daga nan,
ya haƙa nasa daga can,
ashe a ƙarƙashin ƙasa muka yi karo
ba wanda ya ce wa wani sannu.

To hawayen fa?
Na ƙara girmansa har ya cika allo.
Ruwa ne da gishiri, ba algus.
Shekara saba'in yana tuƙi shi kaɗai
a jirgi mai mazauni biyu.
Wataƙila wanda ba a taɓa haifa ba
ya fi kowa wuyar binnewa.

Ban gaya wa Fresia ba.
Na ɗaga almakashi, na ajiye.

Ranar da aka haska fim ɗin a Castro
tsoho na sahun gaba, ya sha kwat ɗin aro.
Da fitilar Nivaldo ta fara lilo
sai na ji shessheka a cikin duhu.
Ermelinda ce.
Da aka kunna wuta ta ja hannun mijinta:
"Gobe mu kai masa fure bakin ruwa."

An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.
Wannan kam ta haifi namiji,
har an raɗa masa suna,
har ya mutu,
ga shi ana zaman makokinsa.