Zoben da Renante Ya Kafa

Har yau zoben yana nan, Renante,
jikin bishiyar kwakwa a bakin tekun Estancia,
wanda ka lanƙwasa da ƙarfen tsohon kwale-kwale,
ka yanko masa raga daga komar babanka.
Ranar ka sha faɗa, ka kwana da yunwa.

Silifas ɗaya a ƙafa, ɗayan ya tsinke,
kana tsalle kamar yashi na ƙona ka.
In ka jefa ta shiga, sai ka sumbaci yatsa
ka nuna rumfar busasshen kifi
inda Nanay Luding ke korar ƙudaje,
tana cewa ƙwallo ba ta cika tukunya.

Shekararka sha tara.
Saura kwana huɗu gasar ƙwallon kwando ta bikin gari,
ka ce bari ka fita su sau ɗaya
ka samu kuɗin takalmi na gaske.
Guguwa ta dawo mana da jirgin.
Jirgin kawai.

Yanzu da la'asar yara ke wasa a wurin,
ni ke ƙirga musu maki, ina ɓata lissafi.
Ragar ta ruɓe tun damina.
Jiya babanka ya zo da tsani a kafaɗa,
bai ce wa kowa uffan ba,
ya ɗaura sabuwa.