Ƙanzo

Tun ina yaro a Bagalam
ba saman tukunya nike so ba.
Kowa ya ɗauki malmalarsa ya nufi zaure,
ni in tsuguna bakin murhu
ina jiran inna Gwamma ta kankare gindi.
Baƙi-baƙi, da ɗan ɗaci, da ƙauri.
A jiƙa shi da ruwan randa,
a barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji,
a ɗiga man gyaɗa kamar ana tsoron ya ƙare,
don kuwa tsoron ake.

Yau shekaruna sittin da uku,
kunnena ya fi saurin jin cokali a gindin tukunya
da kukan salula cikin aljihuna.

Ɗiyata Harira ta zo daga Yamai
da tukunyar da tuwo ba ya kama ta.
Ta ce, Baba, ka huta da ƙonanne.
Na juya ta, na leƙa ciki,
sumul kamar goshin jariri.
Na yi godiya, na sa albarka.
Tana can bisa kabad,
Tsayaba na aje zare da maɓallai a ciki.

Ina da halaye, ban ce duk na kirki ba ne.
Ba ni yar da leda.
In ninke ta uku in cusa ƙarƙashin katifa,
har gadona na magana in na juya da dare.
Ba ni hawa kabu-kabu zuwa babbar kasuwa,
ba don dala talatin ba,
in na hau, wa zai tsaya wurin Ɗan Tanin mai gyaran rediyo
ya tambaye shi ƙafar nan tasa?
Ina taya kaya ko na san kuɗinsu.
Matar da ke kawo zogale daga Jiratawa,
ran da na biya ban ce uffan ba,
sai ta bi ni da ido ta ce, Malam, lafiya dai ko?

Likita ya raba ni da sukari.
Na ce to.
Kofin farko mai ɗaci nike sha, in miƙe,
in bar wa samari na biyu da na uku.
Amma ran Juma'a, bayan an sauko,
akwai wani mai alawa kusa da tasha
da bai san sunana ba,
ni ma ban so ya sani.

An ce ina da maƙo. Wataƙila.
Takalmin nan sau huɗu baduku na ganin shi,
na biyar ya ce, don Allah ka ƙyale shi ya mutu.

Sai bara, wajen zaman makoki a Tibiri,
gwaggo Kuluwa, haƙori biyu suka rage mata,
ta dube ni ina yabon ƙanzo, ta yi dariya har da tari.
Ta ce, uwarka? Gwamma?
Ai ba ta taɓa son shi ba.
Ku tara ne, hatsin tiya guda,
in ta raba muku me ya saura?
Da ka maƙale mata ma, rabi take ba ka.

Na dawo Maradi cikin mota ban yi magana ba.
Gulbi ya ƙafe, awaki jajaye na ƙetare yashi.
Na ƙirga shekarun da na yi ina cinye mata rabi
ina lashe yatsa.

Na ce ko in bari.
Na kwana biyu, na uku na ji Tsayaba na kankara.
Harshe bai san kunya ba.
Ƙaryar inna na gada,
ta daɗe a bakina har ta zama gaskiya.

Jiya ɗan Harira ya tsuguna kusa da ni,
ya miƙo hannu.
Na ce, kai da ke da burodi da madara?
Bai janye ba.
Na gutsura na ba shi babban.