Ta'aziyyar Iro Mai Rediyo

Shagona yana nan Ƙofar Marusa,
tsakanin mai facin taya da mai sayar da kati.
Injin buga takarda ɗaya, fanka mai tari,
sai na'urar da ke rubuta duk abin da ka tambaye ta.

Ran Talata bayan La'asar Baba Sada ya shigo,
ya jingine kekensa a jikin janareto.
Ya ce, "Ɗiyata, Iro ya rasu, yau kwana tara.
Ɗan shi na Fatakwal, bai iske jana'iza ba.
Sa abin nan naku ya rubuta mani ta'aziyya."

Na sa ta. Kafin ya gyara zama ta gama.
Na karanta masa da muryar masu labarai:
"Marigayin mutum ne mai haƙuri da karamci,
ginshiƙin al'umma, abin koyi ga matasa,
rashinsa giɓi ne mai wuyar cikewa."

Ya daɗe yana kallon silin.
Sannan ya ce, "Wanga wane ne ya mutu?
Allah ya jiƙan shi, amma ni ban san shi ba."

Na ce, Baba, ai Hausar ba ta da aibu.
Ya ce, "Shi ne aibun.
Tuwon gidan biki ne, ba gudaji ko ɗaya,
ba ka gane hannun da ya tuƙa.
Iro bai da haƙuri.
Ya taɓa jifa ta da sukundireba
don na ce rediyon da ya gyara ya fi da shiiii.
Ga tabon nan, duba."

Na duba. Yana nan bayan kunne,
ɗan fari kamar ƙwayar shinkafa.
Na goge ginshiƙi, na goge giɓi,
na ce, to faɗi, ina bugawa.

Ya ce a sa cewa Iro na shan shayi ba sikari
amma yana satar na mutane da cokali.
A sa cewa shekara talatin da ɗaya
suna zama benci guda a bakin kasuwa,
ba su taɓa yarda a kan farashin komi ba.
A sa yana bin shi naira ɗari bakwai,
kuɗin batir, tun azumin bara,
"kuma ka faɗa wa yaron ban yafe ba,
sai mun haɗu can ya ba ni da hannun shi."

A sa cewa duk daren Juma'a
yakan ɗora wayarsa kan gwiwa
ko za a kira daga Fatakwal.
Nan na tsaya. Na ce, wannan ba zai yi wa ɗan zafi ba?
Ya ce, "Zai yi. Bar shi.
Uban shi ne."

Ya fara wata jimla: "Ranar da za ya tahi,
ya ce mani in..."
Sai muryar ta tsaya a maƙoshi.
Fanka na juyawa. Mai faci na dukan taya.
Na jira, yatsuna a sama,
bai ƙarasa ba.

Na'ura ta ja jan layi ƙarƙashin "tahi",
ta miƙo mani "tafi", ta miƙo ƙarshen jimla
guda uku, kowanne sumul kamar sabon faranti.
Na dubi tsohon yana share ido da bakin hula.
Na bar "tahi" yadda ya fito daga bakinsa,
na bar jimlar a buɗe
kamar shagon da mai shi ya je salla.

Takarda ta fito da ɗumi.
Bai iya boko ba, amma ya bi ta da yatsa
har wurin da layin ya yanke.
Ya miƙo ɗari biyu, na ce ya bar shi.
Ya ajiye kan tebur ya danne da stefula,
ya ce, "Karɓi. Bashi ɗaya ya ishe ni tunawa."

Bai hau keken ba.
Tura shi ya yi har ya sha kwana.