Saura Ɗaya

Minti arba'in yayata Tsahara ta yi tana magana
a rumfar taro bayan Kasuwar Dole,
na ɗaga waya sama har kafaɗata ta mutu.
Ta yi zancen tsadar bagaruwa,
da fatun da ke ruɓewa in famfo ya yi kwana uku shiru,
ta lissafa bashin ƙungiya dala-dala, ba takarda a hannu.
Kujerar ma ba wata babba ba:
mataimakiyar shugaban majema da dukawa.

Da dare rediyo ya kawo labari.
Daƙiƙa tara suka ba ta.
Cikin taran, tari biyu ne
da kalmar Faransanci guda
da ta sulluɓe mata a harshe kamar miyar kuɓewa.
Sau uku aka maimaita.
Ina jin cokalin mai gabatarwa na kaɗa shayi,
dariya na neman shaƙe shi.

Sai aka kira masana.
Wannan ya ce mayafinta ya yi tsada.
Wancan ya ce a'a, tsumma ta yafa don a ji tausayi.
Na uku ya tambaya, wa zai dafa wa mijinta tuwo?
Mijin nan shekara shida yana kwance a maƙabarta,
bai aiko da kukan yunwa ba.
Abokin takararta, Alhaji Mutari,
an tambaye shi ya gajiya, an sa masa kiɗa.

Na ce ba komai, gaskiya na cikin aljihuna.
Na sayi mega na jaka guda,
kuɗin man babur ɗin gobe.
Na danna. 'Yar ƙawanya ta kama juyi,
juyi, juyi, akuya a turke.
Ashirin cikin ɗari, rezo ya fita shan iska.
Aka ce in sa kalmar sirri. Na sa. Ba ita ba ce.
Aka ce an aiko mini lamba
a layin da ya faɗa rijiya tun bara.
Aka jero hotuna, wai in nuna fitilun kan titi
a tabbatar ko ni mutum ne.
Ni da ungozoma ta yanke wa cibi,
liman ya raɗa wa suna, aka ci rago!

Na kira kamfani.
Wata murya mai sanyin ruwan randa
ta ce kirana na da daraja a wurinsu.
Danna ɗaya. Danna uku. Dakata.
Na dakata har kiredina ya ƙone ƙurmus
tana ta gode mini da haƙuri.

Bayan isha'i na hau duwatsun Birni,
inda yara suka ce rezo na sauka kamar raɓa.
Dutse bai huce ba, ya gasa mini zama.
Sittin. Tamanin.
Damagaram a ƙasa, rabi da wuta, rabi a duhu.
Casa'in da tara.
Na riƙe numfashi, ko sauro ban kora ba.
Saura ɗaya.
Saura ɗaya.
Sai rubutu: a sake gwadawa.

Da safe a teburin Kalla mai shayi
na jefa wayar cikin kwanon da ba kowa a ciki
don murya ta yi ƙarfi.
Mutum sha ɗaya, har da ɗan kabu-kabun da bai kashe inji ba.
Tsoho Ɗanja, mai baƙin farce tun zamanin jimar ubansa,
ya ce, maido mini wurin bagaruwar nan.
Na maido.
Da aka zo kan tarin ba wanda ya yi dariya,
Kalla ya ce wa kwanon, sannu, a ba ta ruwa mana.

Can ita ma ta ɓullo, fatun akuya bisa kai,
ta dube mu, ta dubi kwanon da ke magana da muryarta,
ta ce, Lawali, ba ka fita aiki ba?
Na ce babu mai.
Ta sauke kaya, ta kwance bakin zane.