Takalmin da Ke Cizon Feda

Kekuna biyu gare ni a Zuru.
Ɗaya siriri, kamar zakaran da bai ƙoshi ba,
shi nake kora a kwaltar Dabai da asuba.
Ɗayan mai kaurin taya, mai haƙurin jaki,
shi ke hawa da ni duwatsun bayan gari.
Aljihu kuwa guda ne,
kuma ba shi da zurfi.

Na je rumfar Nomau mai gyara,
ƙarƙashin dalbejiya, daura da masu doya.
Ya goge giris a cinyar wando,
ya zazzage buhun gwanjo kan tabarma:
"Ga su nan, Dantani.
Zaɓi wanda zai kayar da kai."

Na fari faffaɗa ne, farantin roba a tafin takalmi,
ƙusa uku sun riƙe shi kamar duwatsun murhu.
Na murɗa takalmin da hannu biyu, ya ƙi lanƙwasa.
"A kwalta wannan iska ne," in ji Nomau.
"Ƙarfin cinyarka kaf zai shige taya,
ko ɗigo ba ya zuba ƙasa.
Amma sauka sayen ruwa ka gani,
tafiyar agwagwa za ka yi, yara na binka da tafi.
Fedar fuska ɗaya gare ta,
sai ka lallaɓa ta da ɗan yatsa kafin ta karɓe ka,
in ko ta sha jar lakar Agusta
ta rufe baki ke nan."

Na biyu ɗan ƙarfe ne, bai fi ƙwallon dabino ba,
ƙusa biyu,
ya lafe cikin tafi kamar kunama a ƙasan tulu.
"Wannan ba ruwanta da gefe,
ta inda ka taka ta cafke.
Laka ta shigo ta nan, ta fice ta can.
Ka saɓa keke a kafaɗa ka haye rafi,
ka ratsa kasuwa ba mai sanin kana da ƙarfe a ƙafa
sai ɗan ƙas-ƙas kan siminti.
Ta fi waccan nauyi kaɗan.
In tafiya ta miƙa, wuri guda zai yi maka zafi a tafi,
sai fa ka dace da takalmi mai taurin ciki."

Na yi shiru ina lissafi.
Ba tsere nake da kowa ba,
tumbina ma ya fi bambancin nauyinsu sau dubu.
Na ce: feda biyu-biyu iri guda,
takalmi ɗaya ya yi wa kekunan duka hidima.

"Dawo da la'asar ka gwada," ya ce,
"lokacin ƙafa ta kumbura ta faɗi gaskiyarta."
Na dawo. Ya matsa babban yatsana, ya bar masa wurin numfashi,
ya sassauta sifirin har ƙarshe,
ya jingina ni da bango:
taka, ƙyas!
murɗa dunduniya waje, ƙyas!
Sau talatin. Na ce na iya.

Ban iya ba.
A mararraba wata akuya ta gifta,
na damƙe birki, keke ya tsaya,
ƙafa ta ja sama yadda ta saba tun ina yaro,
feda ta ce ba ta san zancen ba.
A hankali na tafi, kamar buhun dawa da aka jingine a karkace.
Inna Kulu mai ƙosai ta riƙe ciki:
"Wa ya ɗaure ka, ɗan nan?"
Na ce, "Ni ne. Da kuɗina."

Yau wata uku.
Hawan da ke sa ni sauka in tura,
yanzu ƙafa na takawa, tana kuma jawowa,
tsakuwa ta girgiza ni, tafi bai zame ba.
Tabon gwiwa ya bushe.

Jiya na tashi daga kujerar mai shayi,
sai na ji dunduniyata ta murɗa waje da kanta,
tana neman izinin ƙasa.