Zakin da Ruwa Ya Ci Rabinsa

A Zierikzee nake da shago:
ƙofa ɗaya, taga biyu, warin fenti har cikin shayina.
Shekara arba'in ina zana zakuna,
ban taɓa jin gurnanin ko ɗaya ba.

Na tambarin ƙasa, shi kam ya ƙoshi.
Zinare ne a kan shuɗi, kambi a ka,
takobi a dama, kibau bakwai a hagu, an ɗaure su tamau,
harshe ja a waje kamar mai jiran a tanka masa.
Namu na Zeeland ja ne, hannu rabbana,
ruwa ya cinye shi har kwankwaso.
Ko fitowa yake, ko nutsewa,
zanen bai faɗa ba.
Rubutun da ke ƙasansa ne mai cika baki:
ina kokawa, ina tasowa.

Ranar Talata, ana yayyafi,
Dingeman Vermue ya shigo, dillalin albasa,
takalminsa ya bar mini taswira a daɓe.
Ya gina sabon sito, ƙofar tana neman garkuwa.
"Leuntje, zaki nake so. Biyu ma, in akwai wuri."
Na ce, "Wa ya bar maka gadon zaki?"
Ya shafa aljihu.
Na ce, "Aljihu ba shi da kaka.
Je ka tono abin da naku suka riƙa."

Mako biyu shiru.
Na gyara fiffiken wata mikiya da asu ya ci,
na shafa azurfa a igiyoyin ruwa na wani allon coci,
shuɗi, fari, shuɗi, fari,
hannuna ya san hanya ko na rufe ido.

Sai ga shi da gwangwanin biskit.
Ciki: takardar albashi, ta yi launin shayi,
hoton mutum bakwai tsaye cikin laka,
da suna a baya da fensir: Krijn.
"Kakana ne," ya ce, yana kallon silin.
"Ɗan jinga. Mai tura baro. Shi ke nan."
Kunya ta sa muryarsa ta zama 'yar ƙarama.

Na san hoton, ko in ce na san lakar.
Ina 'yar shekara huɗu a daren da teku ya fasa ganuwa,
muna kan rufi, uwata ta ɗaure ni da labule,
shanun maƙwabta suna wucewa ƙafafu sama.
Babu zakin da ya zo.
Da ruwa ya ja baya, masu shebur ne suka zo,
suka binne wanda za a binne,
suka ɗinke bakin ƙasa da yumɓu, wata da watanni.
Ban gaya masa ba. Ba a haɗa ciniki da hawaye.

Na ce, "Shebur na zinare a kan kore. Ya isa."
Ya ce, "Mutane za su yi dariya."
Muka yi ta ja har shayi ya huce.
Mai kuɗi ba ya fita ba zaki,
ni kuma ba na zana ƙarya tsirara.

Don haka ga shi nan a kan teburina:
zaki ja, cikin ruwa, shebur a hannu.
Sau uku ina goge dantsen.
Farcen da ya saba da takobi
bai iya riƙon ƙota ba, sai da na koya masa,
na lanƙwasa masa baya kaɗan,
irin lanƙwasar mutumin tsakiya a hoton.

Jiya da dare, ba kowa, sai agogo,
na tsoma burushi a ja,
na sauke ruwan da faɗin yatsa ɗaya.
Yanzu ana ganin gwiwarsa.
Dingeman ba zai lura ba.
Zai tambayi nawa ne, ya nemi ragi.