Kafin Ruwa Ya Ɗauke

Ruwan Legas bai iya sallama ba.
Ya ce ya tafi, da la'asar ya dawo
ya cika kwatar Yaba har bakin ƙofa.
Amma ni na san take-takensa:
in kwaɗi suka rage surutu da dare,
sai in ce, Barau, wasa addarka.

Da mangwaron bayan kicin nake farawa.
Reshen da ke leƙen maƙwabta, na sare.
Wanda gara ta cinye cikinsa ta bar masa riga,
shi ma na sauke.
Kauci ya ɗare wuyan lemun tsami
kamar baƙon da ya manta hanyar gidansu,
na cire shi, ban ba shi haƙuri ba.

Na dama farar ƙasa a tsohon bokitin fenti,
na shafa wa kowane gindi har gwiwa.
Ga su nan a jere,
'yan makaranta da farar safa.
Kashin kaji buhu biyu daga Agege,
mai Keke Napep yana toshe hanci yana ƙara kuɗi.
Na zagaye gwaiba da rami,
na lulluɓe saiwarta da busasshen ganye,
don rani in ya zo ba ya tambayar shekarun bishiya.

Mama Adunni ce ta dasa su duka.
Takan zauna nan da sandarta tana nuni:
wancan, a'a, na sama da shi.
Wata bakwai ke nan kujerar babu kowa.

Shekaranjiya wasu suka zo da igiyar awo.
Suka auna gabas, suka auna kudu,
ɗayansu ya jingina da mangwaron yana waya,
ya shafa masa jan fenti a ƙirji.

Kolawole direba ya ce,
Baba, wa kake yi wa wahala?
Bene hawa tara za a kafa nan kafin baɗi.

Na ce, miƙo mini tiyo.

Ita bishiyar ba ta karanta takarda ba.
Jiya ma na ga ta fara kumburin fure.

A bayan ɗakina, inda ba su auna ba,
akwai ledar fiya-wata goma sha ɗaya,
kowace da ƙasa, kowace da ɗan tsiro.
Ban san inda zan kai su ba tukuna.
Da asuba dai ina ba su ruwa,
ina ƙirga ganye.